Shin Ya Kamata A Ƙayyade Girman Taya A Gasar Mutum-mutumi?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in bayyana ra'ayina game da wani al'amari da ya shafe mu ɗalibai, ya kuma shafi aljihun iyayenmu. Kamar yadda mafi yawanmu suka sani, ƙungiyar kimiyya da fasaha ta makarantarmu tana shirin haɗa gasar mutum-mutumi tsakanin gidajen kwananmu guda huɗu a zangon karatu mai zuwa, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ce za ta sayi kayan aikin. An kafa kwamiti wanda zai rubuta dokokin gasar. Daga cikin shawarwarin da ke gaban wannan kwamiti akwai wadda ta ce a tilasta wa kowane gida ya yi amfani da taya iri ɗaya, girma ɗaya, don kada wani ya fi wani. Na tabbata waɗanda suka kawo wannan shawara da kyakkyawar niyya suka kawo ta. Amma ni a nawa ɗan ra'ayi, in har aka karɓe ta, to, an rage wa gasar mafi yawan amfaninta, ga kuma dalilaina.

Da farko, saboda iyayenmu waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan gasa ba, bari in ɗan yi bayani. Abin da muke kira mutum-mutumi a nan ba shi da kai ko hannu ko ƙafa irin wanda ake nunawa a majigi. 'Yar ƙaramar mota ce, wata ma ba ta fi girman kwanon awo ba. Tana da batir, da 'yan injuna masu juya tayoyi, da wata 'yar kwamfuta wadda ake rubuta wa umarni. Akan ɗora ta a kan tebur ko a fili, a ce ta je wuri kaza ta turo abu kaza, ko ta ɗauko shi ta kawo, cikin ƙayyadadden lokaci. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro, ya yanko tsohon silifa ya yi mata taya, to, ya san wani abu a cikin wannan sana'a. Bambancin shi ne ita wannan ba a jan ta da zare, da kanta take tafiya bisa ga abin da aka rubuta mata.

Irin wannan gasa ta daɗe a duniya. A ƙasar Amurka wani injiniya mai suna Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a shekarar 1989, suka yi gasarsu ta farko a 1992. A 1998 aka fara wadda ake kira FIRST LEGO League domin ƙananan ɗalibai, wadda a nan Nijeriya ƙungiyar Coderina ke shiryawa, har ɗaliban kwalejojin gwamnatin tarayya suna shiga. Akwai kuma gasar WRO wadda aka fara a Singafo a 2004, da gasar VEX, da FIRST Global wadda aka fara a birnin Washinton a 2017, inda kowace ƙasa takan tura tawaga guda. Tun da yake waɗannan mutane sun riga mu shiga fagen, ya kyautu mu duba yadda suka tsara dokokinsu kafin mu rubuta namu.

In mutum ya duba, zai tarar abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne girman jikin mutum-mutumin, da yawan injunansa, da inda za a samo kayan haɗinsa. A gasar VEX ta manyan ɗalibai, da kuma FIRST Tech Challenge, tilas ne mutum-mutumi kada ya wuce inci 18 a tsawo da faɗi da tsayi lokacin da za a fara wasa, watau wajen santimita 46 ke nan. A gasar WRO, a rukunin da suke kira RoboMission, santimita 25 aka yanka ta kowane ɓangare. A FIRST LEGO League kuwa, an ce da kayan LEGO kaɗai za a yi aiki, injuna kada su wuce 4, kuma minti biyu da rabi ake ba kowace tawaga. Amma duk tsananin waɗannan dokoki, ba su ce wa ɗalibi ga girman tayar da zai sa ba. Sun ba shi akwati, sun ce ya shiga ciki, sa'an nan suka bar masa sauran. Ni kuwa ina ganin ba mantuwa suka yi ba, da gangan suka bar wannan ƙofa a buɗe, domin a nan ne karatun yake.

To, mene ne a cikin taya har da zan ce a nan karatun yake? Mu ɗauki tayoyi biyu na LEGO waɗanda aka fi sani a kayan SPIKE Prime. Ƙaramar faɗinta milimita 56 ne, babbar kuwa milimita 88. Tun muna ƙaramar sakandare malamin lissafi ya koya mana cewa in ana son a san kewayen da'ira, sai a ninka faɗinta da 22 bisa 7. In aka yi haka, ƙaramar taya za ta ba da milimita 176, babbar kuma wajen milimita 276. Ma'anar wannan ita ce, duk juyi ɗaya da inji ya yi, ƙaramar taya ta ci milimita 176 na hanya, babbar ta ci 276. Don a yi tafiyar mita ɗaya, ƙaramar sai ta juya kusan sau 5.7, babbar kuwa sau 3.6 ya ishe ta. Watau da inji ɗaya, da batir ɗaya, babbar taya ta fi ƙaramar gudu da wajen kashi 57 cikin ɗari. A gasar da minti biyu da rabi kawai aka ba ka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai karatu zai ce, ashe magana ta ƙare, kowa ya sa babbar taya mana. A'a, Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa daga famfo zuwa ɗakin kwana ya san cewa in ya riƙe bokiti kusa da jikinsa zai kai shi ba wahala, amma in ya miƙe hannu ya nesanta bokitin daga jikinsa, ba zai yi taku goma ba kafaɗarsa ta gaza. Ƙarfin kafaɗar bai ragu ba, nisan ne ya ƙaru. Haka abin yake ga taya. Inji yana murɗawa ne daga tsakiya, ita kuwa taya da bakinta take tura ƙasa. Daga tsakiyar ƙaramar taya zuwa bakinta milimita 28 ne, na babbar kuwa 44. Saboda haka ƙarfin turawar babbar taya bai wuce kashi 64 cikin ɗari na ƙaramar ba. In aikin da aka ba mutum-mutumi na tura abu mai nauyi ne, ko hawa gangare, mai babbar taya yana iya zuwa da gudu ya tsaya yana gurnani, mai ƙarama ya zo sannu a hankali ya wuce shi.

Har wa yau akwai maganar saiti. Babu injin da yake tsayawa cif a inda aka ce ya tsaya, kullum akan sami 'yar tangarɗa. A ce injin gefe ɗaya ya zarce da digiri 5 kawai daga cikin digiri 360 na juyi guda. A kan ƙaramar taya wannan zarcewa ba ta kai milimita biyu da rabi ba, a kan babbar kuwa ta kusa milimita huɗu. Abin kamar ba kome ba ne. Amma in tsakanin tayar dama da ta hagu akwai santimita 12, wannan ɗan bambanci zai karkatar da kan mutum-mutumin, kuma kafin ya yi tafiyar mita ɗaya, mai ƙaramar taya ya kauce daga layinsa da santimita 2, mai babbar ya kauce da fiye da santimita 3. Idan abin da aka aike shi ya taɓo ɗan maɓalli ne wanda bai fi kan yatsa ba, wannan santimita ɗaya ita ce tsakanin samun maki da rasa shi. Sauri dai ya haifi nawa.

Ita ma ƙaramar taya tana da nata aibun. Da wuya taya ta hau tudun da tsayinsa ya kai rabin faɗinta, shi ya sa baro mai ƙaramar taya yakan maƙale a ɗan kwararon da keke zai wuce bai ma sani ba. Sa'an nan ƙaramar taya takan sa cikin mutum-mutumi ya yi kusa da ƙasa, ya riƙa gogar duk abin da ya tarar. Babbar kuma takan ɗaga shi sama, nauyinsa ya hau, in ya sha kwana da gudu ya kife kamar motar da aka yi wa lodi fiye da kima. Bugu da ƙari, tun da an ƙayyade girman jiki, duk wurin da taya ta cinye an rage wa batir da hannun ɗaukar kaya wurin zama ke nan. Daɗin daɗawa ga maganar giya. Kamar yadda direban babbar mota yake sa giya ta ɗaya in zai hau dutse, haka ɗalibi zai iya haɗa haƙoran giya don ya mayar wa babbar taya ƙarfin da ta rasa, ko ya ƙara wa ƙarama gudu. Tarakta ma ai manyan tayoyi gare ta a baya, amma tana jan garma, saboda an rage mata gudu da giya. A kayan VEX akwai tayoyi masu inci 2.75, da 3.25, da 4, injinsu kuma ana iya sa masa giyar da za ta ba da juyi 100, ko 200, ko 600 a minti guda. Kowace tawaga sai ta zauna ta yi lissafin wace taya za ta haɗa da wace giya.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ku duba yawan abubuwan da muka taɓo daga wannan 'yar tambaya guda: kewayen da'ira, da kaso, da kusurwa, da ƙarfi, da gudu. Dukkansu suna cikin darussan lissafi da kimiyya da za a tambaye mu a jarrabawar fita. Da yawa daga cikinmu haddace su muke yi mu zuba a takarda, bayan mako biyu mu manta. Amma ɗalibin da ya ga mutum-mutuminsa ya tsaya santimita goma kafin inda ya aike shi, ya koma ya binciko dalili da kansa, ba zai sāke manta 22 bisa 7 ba har ya tsufa. In kwamiti ya zaɓar mana taya, to, kwamitin ne ya amsa tambayar, mu kuwa aikinmu ya zama na ɗaura abin da aka miƙo mana.

Yanzu bari in juya ga hujjojin masu son a ƙayyade, domin ba daidai ba ne in yi kamar ba su da abin faɗa. Hujjarsu ta farko ita ce adalci. Suna tsoron kada gidan da ke da 'ya'yan masu hali ya aika a sayo masa wasu tayoyi na musamman daga Legas ko daga ƙasashen waje, ya zo ya cinye gasa da kuɗi. Wannan tsoro yana da tushe. Akwai wata irin taya da ake kira Mecanum, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bengt Ilon ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Tana da 'yan ƙananan gargare a jere a bakinta, a karkace, waɗanda ke sa mutum-mutumi ya iya tafiya gefe kamar ƙaguwa ba tare da ya juya ba. Tana da tsada in aka gwada ta da taya ta yau da kullum, kuma ba kowa zai iya samunta ba. Amma mu lura, matsalar a nan ta kuɗi ce da inda aka samo kaya. Maganinta shi ne a ce kowane gida da kayan da makaranta ta raba kaɗai zai yi aiki, kamar yadda ake yi a FIRST Global, inda akan aika wa kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya, mai arziki da matalauciya. In akwatin kowane gida yana ɗauke da ƙaramar taya da babba, an yi adalci ke nan, kuma zaɓi yana nan bai tafi ko'ina ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce, ai ko a manyan gasanni an taɓa tilasta taya ɗaya. Wannan gaskiya ne. A shekarar 2009 gasar FIRST ta manyan ɗalibai ta yi wani wasa da aka sa wa suna Lunacy, don tunawa da cika shekara 40 da saukar ɗan'adam a kan wata a 1969. A wannan shekara an shimfiɗa fili mai santsi, aka kuma tilasta wa kowace tawaga ta sa wata taya ta roba mai tauri da santsi, mai faɗin inci 6, ba a yarda a sāke mata kome ba. Nufinsu shi ne ɗalibai su ɗanɗana yadda tuƙi yake a kan wata, inda nauyin abu yake komawa kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a duniya. Amma a duba da kyau. A wannan wasa santsin tayar shi ne ainihin tambayar da aka yi wa ɗalibai, har wasu tawagogi suka rubuta umarnin da ke ƙara wa inji gudu a hankali don kada taya ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. An rufe ƙofa ɗaya ne domin a buɗe wata. Da shekara ta kewayo, a 2010, aka kawo wani wasa mai tuddai a tsakiyar fili, aka mayar wa ɗalibai 'yancin zaɓen tayarsu. Shawarar da ke gaban kwamitinmu kuwa ba ta zo da wata sabuwar tambaya ba, tsohuwar kawai za ta share.

Hujja ta uku ita ce sauƙin aikin alƙalai, da kuma tausaya wa ƙananan ɗalibai 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda ake ganin lissafin zai yi musu yawa. Game da alƙalai, auna jikin mutum-mutumi da akwatin katako guda ɗaya ya fi sauƙi a kan bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya da ma'auni. In ya shiga akwati ya wuce, in bai shiga ba a koma a gyara. Game da ƙannenmu kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya ninka 56 da 22 ya raba da 7 ya isa ya shiga wannan magana, mu manya kuma aikinmu ne mu zauna da su mu nuna musu.

Duk da haka, ba na so a ɗauka ina cewa a sake mana linzami mu yi abin da muka ga dama. 'Yancin zaɓe ba shi da amfani ga wanda zai yi zaɓen da ka. Na san halinmu. Wani zai ɗauki babbar taya don kawai ta fi kyan gani, ta sa mutum-mutuminsa ya yi kama da motar sojoji. Wani kuma zai leƙa ta taga ya ga abin da gidan da ke kusa da su ya sa, ya kwaikwaya, bai san dalilinsu ba. Irin wannan zaɓe bai fi tilastawar da nake suka ba. Saboda haka ina ba kwamiti waɗannan shawarwari cikin ladabi. Na ɗaya, a ƙayyade girman jiki da yawan injuna, a ƙera akwatin awo tun kafin a fara aiki. Na biyu, a raba wa kowane gida kaya iri ɗaya, a ciki har da tayoyi aƙalla girma biyu, a kuma hana shigo da kaya daga waje. Na uku, a hana duk wata taya ko dabara da za ta ɓata filin wasa, kamar shafa gam ko kafa ƙusa a jikin taya. Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci a wurina, a wajabta wa kowane gida ya kawo shafi guda wanda ya rubuta lissafin da ya yi, da gwajin da ya yi da kowace taya, da dalilin da ya sa ya tsaya a kan wadda ya zaɓa, alƙalai su yi wa 'yan tawaga tambayoyi, a ba da maki a kan amsarsu. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a FIRST LEGO League ma bayanin yadda aka tsara mutum-mutumi yana cikin abubuwan da alƙalai ke ba maki, ban da wasan kan tebur.

Akwai kuma wata 'yar shawara ga duk gidan da zai shiga. Gasar za ta faɗo ne cikin hunturu, lokacin da ƙura ke sauka a kan kome. Tayar roba in ta kwashi ƙura takan yi santsi, sai ta juya yadda aka umarce ta amma ba ta ci hanyar da aka lissafa ba. Kowace irin taya kuka zaɓa, ku riƙa goge ta da ɗan ƙyalle mai laima kafin kowane gwaji, ku kuma tabbata batir ya cika, in ba haka ba za ku zargi lissafi alhali laifin ƙura ne.

A ƙarshe ina kira ga iyayenmu, waɗanda guminsu ne zai sayi waɗannan kaya. A cikin akwatin kayan, kwamfutar da injuna da batir su ne masu tsada, taya tana cikin mafi araha. Ƙarin tayoyi biyu ga kowane gida ba zai yi wa asusun ƙungiya nauyi ba, amma shi ne zai sa sauran kuɗin da aka kashe su yi amfani. Ina roƙon wakilanku a taro mai zuwa su goyi bayan a bar wa ɗalibai wannan zaɓe. In kuma kun zo ranar gasa, kada ku tsaya ga tambayar wane gida ya zo na ɗaya. Ku kira ɗanku ku tambaye shi, me ya sa kuka sa wannan taya ba ku sa waccan ba? In ya ɗauko takarda ya yi muku bayani har kuka gane, to, kuɗinku bai faɗi a banza ba, ko da gidansu ne ya zo na ƙarshe.

Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma hukunci yana hannun malamanmu da kwamitinsu. Ni dai na faɗi abin da na gani gwargwadon ɗan sanina, ina kuma fata duk wanda yake da wani ra'ayi dabam zai rubuto wa wannan fili a fitowa ta gaba, mu ƙaru da juna.